Tun Ambaliyar Alau Maigidana Bai Dawo Daidai Ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Gwange, Maiduguri, 'ya'yanmu uku. Daren da madatsar Alau ta ɓalle, maigidana ya fitar da mu zuwa kan tudu, sannan ya koma cikin ruwa da igiya da jarkoki tare da samarin unguwa, don shi tun yana yaro ya iya iyo. Kwana da kwanaki yana fito da mutane. A ciki akwai wani yaro da ya riƙo, ruwa ya fizge shi daga hannunsa, sai gawarsa aka gani daga baya. Sau ɗaya ya ba ni labarin, bai ƙara ba. Da farko kamar ba komai, ya gyara gida, ya koma jan Keke Napep ɗinsa. Amma tun da damina ta dawo, musamman bayan ya kalli bidiyon ambaliyar Mokwa ta jihar Neja a waya, ya zama wani mutum daban. Hadari na haɗuwa zai fita tsakar gida ya tsaya, wani lokaci har asuba. Yana farkawa da ihu, jiƙe da gumi. Ya daina ɗaukar fasinjan da zai haye gada. Abu kaɗan ya hau faɗa, mutumin da ko tsawa bai taɓa daka wa yara ba. Na tsinci ƙwayoyi a aljihunsa, ya ce na barci ne daga kemis. Mahaifiyarsa ta ce mutanen ruwa ne suka shafe shi, ana ta rubutu da hayaƙi. Abokansa kuma suna ce masa ya zama namiji, ya yi tawakkali. 'Yarmu mai shekara shida ta koma fitsarin kwance. Ni ma na gaji, har na fara tunanin tafiya gidanmu. Anti, iska ce ko hauka ne ke son kama shi? Yaya zan yi?

Daga wata 'yar'uwa a Gwange.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar muku da mafi alherin abin da ruwa ya ci.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na san ita ce ke cin ranki. Abin da kika lissafa ba alamun hauka ba ne. Likita ne zai zauna da shi ya tabbatar, amma duk wanda ya yi aiki da mutanen da suka tsira daga yaƙi ko gobara ko hatsarin mota ya san wannan yanayin: mafarki mai firgitarwa, gudun wurin da abin ya faru, zama a tsaye a shirye kamar ana biye da mutum, saurin fushi, neman ƙwaya don a samu runtsawa. Likitoci suna kiransa ciwon firgicin bayan masifa. Sananne ne, yana kama sojoji da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan asibiti, kuma ana warkewa.

Ki tuna irin ruwan da ya shiga. Wayewar garin Talata, 10 ga Satumba 2024, kogin Ngadda ya shanye Gwange da Fori da Galtimari da Bulabulin, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Tun 1994 Maiduguri ba ta ga irinsa ba. Ruwan ya ratsa gidan zu na Sanda Kyarimi, har hukuma ta yi shela a yi hattara da kadoji da macizai. Wannan ruwan ne maigidanki ya yi ta shiga yana fita, ba rigar iyo, ba kwale-kwale mai inji, ba wanda ya taɓa koya masa aikin ceto. A irin wannan lokaci jiki yana zuba wa mutum sinadaran da ke sa zuciya ta buga da sauri, ido ya buɗe, gajiya da yunwa su ɓace. Rahama ce, da ita ya ceci kansa ya ceci wasu. Yawancin mutane, in an yi makonni, jikin yana saki. Wasu kuwa ba ya saki. Ƙwaƙwalwarsu ta ƙi ajiye abin a matsayin labarin da ya wuce, sai ƙarar ruwa a kan kwano ko warin laka ya maido da shi sabo fil, kamar yanzu yake faruwa. Hausawa sun daɗe da gane wannan da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Tsayuwar da yake yi a tsakar gida gadinku yake yi, jikinsa ne ke ce masa in ya kwanta ruwa zai ci ku.

Kada jinkirin da abin ya yi ya ruɗe ki. Bayan ambaliya akwai kwashe laka, akwai tada katanga, akwai bashi, akwai neman na cefane. Mutum ba shi da sararin jin abin da ke ransa. Sai ƙura ta lafa, damina ta zagayo, ga kuma hotunan Mokwa na ƙarshen watan Mayun 2025, inda fiye da mutum 150 suka rasu, suna yawo daga waya zuwa waya. Ƙa'idar likitoci ita ce in alamun sun wuce wata ɗaya kuma suna hana mutum aikinsa ko zaman gidansa, to lokacin neman magani ya yi. Maigidanki ya wuce wannan layin.

Yaron nan shi ne tsakiyar maganar, kuma a nan nake so ki fi nutsuwa. Masu ceto ba sa ƙirga waɗanda suka fitar. Wanda ya kuɓuce suke ƙirgawa. Ina da yaƙinin maigidanki ya sake riƙe hannun yaron nan a ransa sau ba adadi, yana cewa da na ƙara damƙewa, da na ɗaura masa igiyar, da na bi ta wancan lungun. Gaskiyar magana, ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙaton namiji, balle wanda ya kai ƙirji yana tafe da ƙyaure da buhuna da kwanon rufi. Ƙwararru masu kayan aiki ma mutane suna suɓuce musu. Amma in kika tsaya kina jera masa waɗannan hujjoji, ba za su shiga ba, don ba da lissafi yake ɗaukar laifin ba. Haka nan “ka manta kawai” ko “ai ya wuce” ji zai yi kamar an ce yaron ba komai ba ne. Abin da yake buƙatar ji daga bakinki gajere ne: “Baban yara, na san abin nan yana ranka. Ba sai ka faɗa mini yau ba. Duk ranar da ka so, ina nan.” Ki faɗa, ki yi shiru, ki ci gaba da abin da kike yi. In ya fara magana, kada ki katse shi da nasiha, kada ki tambaye shi dalla-dalla yadda fuskar yaron take. In ya yi kuka, ki bar shi ya yi, kuma maganar ta tsaya tsakaninku.

Ina jaddada rashin matsa masa ne saboda an taɓa yayin tara masu ceto a ɗaki ɗaya bayan masifa, a sa kowa ya amayar da abin da ya gani a zama guda. Da aka bincika, sai aka ga hakan bai hana ciwon ba, wasu ma ya ƙara musu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina. Abin da ta koyar a maimakonsa, a jagoran taimakon farko na kwantar da hankali da ta fitar a 2011, abu uku ne: ka lura da halin da mutum yake ciki, ka saurare shi ba tilas, ka haɗa shi da masu iya taimakonsa. Mu kuwa muna da misalin da ya riga wannan da ƙarni goma sha huɗu. Ba ina kwatanta wahayi da ciwo ba ne, halin matar nake so ki duba. Da Manzon Allah (SAW) ya dawo daga kogon Hira zuciyarsa na bugawa yana cewa a lulluɓe shi, Nana Khadija ba ta tsare shi da tambaya ba. Ta lulluɓe shi har tsoron ya tafi. Shi da kansa ya ba ta labari. Ta tuna masa kyawawan halayensa, cewa yana sada zumunci, yana ɗaukar nauyin mai rauni, yana karrama baƙo. Sannan ta kama hanya da shi zuwa wurin Waraƙa ɗan Naufal, wanda ya fi ta sanin lamarin. Ba ta tsaya a kan lallashinta kaɗai ba, ke ma kada ki tsaya.

Abokansa alheri suke nufi, amma maganarsu tana ƙara masa kaya. Yanzu ban da alhinin yaron, an ɗora masa zargin raunin imani da gazawar maza. An rene mazanmu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma akwai inda wannan ke da amfani, sai dai wannan ciwon a cikin shiru yake girma. Mutumin da ya ajiye matarsa da 'ya'yansa a tudu ya koma cikin ruwan da ke cin mutane, babu wanda zai koya masa zama namiji. Tawakkali kuma bai taɓa hana hawaye ba. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin ɗansa har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ki nemi liman ko malamin da maigidanki yake jin nauyinsa, ta hannun yayansa ko wani babba, a sirrance. Shi ya dace ya zaunar da shi ya tuna masa cewa wanda ruwa ya ci yana cikin shahidai kamar yadda ya inganta a hadisi, kuma Allah ba ya tambayar bawa abin da ya fi ƙarfin hannunsa. Daga bakin malami wannan maganar tana da nauyin da ba za ta samu daga bakina ko naki ba.

Hajiya kuwa, kada ki ja da ita. Uwa ce, ɗanta take gani yana lalacewa, ta kama abin da ta sani. In kika ce mata ba iska ba ce, kin buɗe faɗan da zai cinye ƙarfin da kike buƙata. Ki ce mata: “Hajiya, a ci gaba da addu'a, mu haɗa da asibiti, tunda Annabi ya ce a nemi magani.” Addu'a da karatun Alƙur'ani da azkar na kwanciya ba sa karo da aikin likita, suna ma sanyaya zuciya. Inda zan ce ki tsaya da ƙafarki shi ne duk wurin da za a ce a kai shi a ajiye, a ɗaure, ko a doke shi da sunan fitar da aljani. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa. Mutumin da firgici ke damunsa, ɗauri da duka ƙara masa wani firgicin suke yi.

Ƙwayoyin aljihun nan sun fi ba ni tsoro a kan ihun dare. Ki duba sunan da ke jikin fakitin. In diyazafam ne ko danginsa, suna sa barci na ɗan lokaci, amma ba sa taɓa ciwon, jiki kuma yana sabawa da su har sai an ƙara yawa. Shi ya sa tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba wanda ya fito daga tashin hankali irinsu don firgici ko rashin barci. In tiramol ne, shi ma yana kama mutum, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Ga shi yana tuƙi da fasinja a baya. Sai dai kada ki kwashe su ki zubar a masai rana ɗaya. Wanda ya daɗe yana sha kullum, yankewa farat ɗaya na iya jefa shi cikin jijjiga. Likita ne zai rage masa a hankali.

A gida akwai abubuwan da za ki iya tun daren yau. In ya farka da ihu, kada ki rungume shi ko ki riƙe hannunsa nan take, don a wannan daƙiƙar yana cikin ruwa, zai iya bangaje ki bai sani ba. Ki kunna fitila, ki ɗan ja baya, ki kira sunansa da murya ƙasa-ƙasa, ki ce masa yana ɗakinsa, yara suna barci, ƙasa a bushe take. Ki miƙa masa ruwa ya sha. In ya dawo hayyacinsa, ku yi numfashi tare, a ja ta hanci a hankali, a sake shi ya fi jan tsawo, domin dogon sakin numfashi yana rage bugun zuciya. Shayi mai kauri da goro da lemon ƙarin kuzari su tsaya daga la'asar. Bidiyon ambaliya a fita harkarsu, har a wayarki. Daren da hadari ya haɗu, maimakon ki ce ya shigo ya kwanta, ku yi abin da zai gamsar da mai gadin da ke cikinsa: takardun gida da na makarantar yara a leda ɗaya, tocila a kusa, an san hanyar da za a bi da gidan da za a nufa in an ji shela. Wanda ya san ya shirya ya fi iya zama. Ki kuma yi ƙoƙari kada ya yanke jam'i a masallaci da zaman majalisa, ko da ba ya cewa komai a can.

Sai asibiti. Kun yi sa'a a Maiduguri: akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke hanyar Baga, ga kuma asibitin koyarwa na jami'a. Shekarun rikicin Boko Haram sun sa ma'aikatan lafiya na garinku sun ga masu irin wannan ciwon fiye da kusan ko'ina a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da aka yi rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Wato a layinku kaɗai ba shi ɗaya ba ne, sauran shiru suka yi. Na san sunan asibitin kaɗai yana iya sa ya ce shi ba mahaukaci ba ne. To kada ki fara da sunan. Ki fara da barci: “Ka daɗe ba ka yi barcin kirki ba, ga tuƙi, mu je a duba.” Kuna iya farawa da asibitin unguwa su tura ku. In yayansa ko amininsa zai raka shi, ya fi, wasu mazan sun fi sakewa haka.

Babban maganin wannan ciwo zama ne da ƙwararre, galibi sau 8 zuwa 12, mako-mako. A hankali ake bi da mutum ta cikin abin da ya faru, cikin aminci, har ƙwaƙwalwa ta yarda cewa ya wuce. A nan ne za a warware masa “laifina ne” zare-zare. A nan ne kuma za a koya masa komawa gada mataki-mataki: yau ya hango ta daga nesa, wani makon ya taka da ƙafa da rakiya, daga baya ya haye da Kekensa. Gudun gadar yana ba shi sauƙi na yini ɗaya, amma shi ke ciyar da tsoron, ga kuɗin shiga da yake ragewa. Wani lokaci likita yana haɗawa da maganin damuwa na sha. Irin wannan ba ya bugarwa, kuma yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa, don haka kada a yar da shi a kwana na biyar a ce bai yi ba.

Akwai alamun da ba a jira da su. In ya fara cewa gara ya mutu, ko ku za ku fi hutawa ba shi, ko ya hau rabar da kayansa yana neman yafiya ba dalili, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawowa. In ya amsa da e, ko ya yi shirun da bai kwanta miki ba, kada a bar shi shi kaɗai, ki kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da tarin magunguna daga gidan, ki kira 'yan'uwansa, a tafi asibiti a ranar. In kuma faɗan ya kai ga ɗaga hannu a kanki ko kan yara, ki kwashe su ki tafi inda za ku tsira, a nemi maganin daga can. Ciwo yana bayyana dalilin fushi, amma bai halatta duka ba.

Maganar tafiya gida, in bai kai ga haka ba, ina roƙonki kada ki yi ta da sunan yaji. Ki je ki huta kwana biyu da saninsa, da yardarsa, ki dawo. Gajiyarki gaskiya ce. Ke ma kin tsaya a tudu da yara uku kina kallon ruwan da mijinki ya shiga, ba ki san ko zai fito ba, kuma tun ranar kowa shi yake tambaya. Ki samu mace ɗaya mai riƙe sirri, yayarki ko ƙawarki, da za ki riƙa sauke mata. In kun je asibitin, ki faɗa wa likita naki rashin barcin, kada ki tsaya a matsayin 'yar rakiya.

Yarinyar kuma ba iskanci take yi ba. Yara in sun tsorata sukan koma halin da suka riga suka wuce: fitsarin kwance, tsotsar yatsa, manne wa uwa. Kada a doke ta, kada a yi mata waƙar amalala a gaban 'yan'uwanta. Ki shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gadonta, ki tashe ta ta yi fitsari kafin ki kwanta, da safe ku wanke tare ba tsangwama. In kin ga tana wasan ambaliya da 'yartsana da murfin kwalba, ki ƙyale ta, da wasa yara suke narkar da abin da suka gani. In ta tambayi abin da ke damun Baba, ki ce ba shi da lafiya ne, ana nema masa magani, ba ita ta jawo ba. Ki sa a duba fitsarinta a asibiti don a tabbatar ba wani ciwon ba ne.

Abu ɗaya yana ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da irin wasiƙarki ta zo. In masifa ta auku, ana ƙirga buhunan shinkafa da tabarmi da gidan sauro, kuma ana buƙatarsu. Ma'aikacin hukumar agaji ko na Red Cross aƙalla sunansa yana cikin rajista, akwai shugaban da zai iya lura in ya canza. Amma waɗanda suka fara shiga ruwa a Maiduguri, da waɗanda suka kwashi gawarwaki a Majiya ta Jigawa bayan fashewar tankar mai a Oktoban 2024, mafi yawansu samarin unguwa ne da masunta da 'yan Keke, ba su cikin littafin kowa. An yi musu Allah-sam-barka, kowa ya watse. Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta zamanin Turawa, amma doka ba ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Masu unguwanni da limamai sun san samarin nan ɗaya bayan ɗaya, su ya kamata su bi su gida-gida su ji yadda suke kwana. Ke ma ki tambayi matan waɗanda suka shiga ruwan tare da shi. Zai yi wuya a ce gidanku kaɗai ake farkawa da ihu, kuma in biyu ko uku suka tafi asibitin tare, kunyar ta ragu.

Kafin ranar zuwa, ki rubuta a takarda yaushe abin ya fara, sau nawa yake farkawa a mako, me ke tayar masa, da abin da ya daina yi. Ki tafi da fakitin ƙwayoyin a jakarki ki nuna wa likita, don shi maigidan zai iya jin kunyar ambatonsu. Ku fita da sassafe saboda layin kati. Allah ya ba shi lafiya, ya saka masa da alheri a kan kowane rai da ya fitar, ke kuma ya ƙara miki ƙarfi. Ki sake rubuto mini in kun ga likita.